Har Yanzu Malam Bai Fara Ba

Rogo,
12 ga Yuni, 1988.

Zuwa ga Goggo Adama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da duk mutanen gida, kamar yadda nake lafiya a nan. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, amin.

Goggo, albishirinki, an buɗe ɗakin karatu. Kwalayen littattafan marigayi Baba Malam da kika ba Ɗantala direba sun iso lafiya, na haɗa su da waɗanda ƙungiyar 'yan asalin garin nan ta sayo daga Kano. Alhaji Ɗanmaliki, aminin Baba Malam, ya cika alkawari, ya ba mu tsohon sitonsa na gyaɗa da ke bakin kasuwa. Amma aro ne. Ya ce daga nan zuwa kaka, in an ga amfanin abin a bar mana ɗakin, in ba a gani ba gyaɗa ta koma mazauninta. Ban damu ba, don na san za a gani.

Na shafe bango da farar ƙasa, kafinta ya buga kantoci da bencina, na jera komai yadda aka koya mana a kwas ɗinmu na Kano: noma da kiwo gefe guda, kiwon lafiya gefe guda, littattafan jarrabawa kusa da taga. Sannan na rataye allo, na rubuta A YI SHIRU da jan fenti. Malaminmu ya sha gaya mana cewa shiru shi ne ran laburare.

Ranar buɗewa Alhaji ya zo da dattawan gari. Suka tuɓe takalma a bakin ƙofa ko da yake na ce ba sai sun tuɓe ba, suka ƙi hawa benci, sai da na aro tabarmi. Na miƙa wa kowa littafi, na ce musu cikin ladabi nan ba a magana, na koma teburina na zauna. To daga nan ne abin ya ɗan ɗaure mini kai. Kowa ya buɗe littafinsa, amma ni suke kallo. In na ɗago muka haɗa ido sai su sunkuyar da kai. Haka muka zauna tun hantsi har aka kira azahar, sannan wani dattijo ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, aka watse.

Amma fa mutanen nan akwai girmama ilimi. Muna zaune wasu da ban ma san su ba suka riƙa shigowa suna durƙusawa suna cewa "Allah ya gafarta," ni da ban kai a kira ni Malam ba. Da yamma kuma aka yi ta aiko mini da tuwo daga gidaje, har na rasa inda zan kai shi.

Ki gaishe mini da kowa, ki kuma sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Lukumanu.


Karaye,
20 ga Yuni, 1988.

Lukumanu,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na gode, Allah ya yi maka albarka. Ƙafa da sauƙi, sai dai saura kaɗan ka sa in karya ɗayar.

Kafin takardarka ta iso, Ɗantala ya riga ya baza labari a tasha cewa ya wuce ta bakin kasuwar Rogo, ya ga takalma jibge a ƙofar ɗakinka, dattawa zaune jugum-jugum, kai kuma ka haɗa kai da tebur. Maƙwabciyarmu Saude ta faɗo mini gida da salati, mayafi a hannu, wai an yi rasuwa wajen Lukumanu. Na ce wa ya rasu? Ta ce ai ita ma abin da ta zo tambaya ke nan, ko aure ka yi a ɓoye matar ta cika. A garin tashi na yi tuntuɓe da turmi.

Kai kuma ga ka nan kana ta hura hanci wai an ce maka Allah ya gafarta. Ka saurara da kyau kuwa? "Allah ya gafarta Malam" suka ce, ko "Allah ya gafarta masa"? Tuwon da ka rasa inda za ka kai kuma, na gidan makoki ne ka ci, ɗana. Allah ya sa ya zauna maka lafiya.

Ni dai ban yi kwas a Kano ba. Na tsufa ina koyar da 'yan firamare, ajin da na ji ya yi tsit kuwa na san ko dai malamin ya fita ko yaran sun yi ɓarna. Ka ce sun zauna, ka zauna, an shafa fatiha. To me aka karanta? Shi ne ban gani a takardarka ba, na duba har bayanta.

Ka riƙa zuwa gaida Alhaji har gida, ba sai ya zo sito ba. Kuma ka riƙa cin abinci, ko da na makokin ne.

Goggonka,
Adama.


Rogo,
7 ga Agusta, 1988.

Zuwa ga Goggo Adama,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan an yi Babbar Sallah lafiya. Yaya damina? Mu nan ruwa ya zauna, alhamdu lillahi.

Goggo, kin tambaya me aka karanta. Ai laburare ba aji ba ne, kowa abin da yake so yake karantawa a ransa. Maganar makoki kuwa na bincika, gaskiya ce, na kuma ji kunya, amma ta wuce.

Abin da bai wuce ba shi ne mutane sun ɗauke ƙafa. Dattawan nan sun zo sau biyu ko uku, daga nan shi ke nan. Na ce ko aikin gona ne, na mayar da buɗewa har yamma, babu wanda ya ƙaru. Na ce ko zafi ne, na sa aka fasa wata taga. Na ce ko warin tsohuwar gyaɗa ne, na turara ɗakin. Yanzu masu zuwa su ne wani matashi Ƙasimu da abokansa biyu da suke son sake jarrabawar gama sakandare, sai kuma Alhaji.

Makon jiya wani makiyayi, Hammawa, ya taso tun daga wajen Zoza da kwalbar maganin shanu, saniyarsa ta kwanta ba lafiya. Ya ce an ce masa nan ne ɗakin karatu, a karanta masa. Da ƙarfi yake magana kamar yana kiran garke, su Ƙasimu suka ɗago kai. Sai na girgiza masa kai, na matso kusa da kunnensa na raɗa masa abin da ke jikin kwalbar. Ya ƙura mini ido, ya ce, "Haka ne, Malam?" Na ce haka ne. Ya fita ko sallama babu. Jiya nake jin wai washegari ya sayar wa mahauta da saniyar. Ni kuwa abin da na karanta masa, a ɗura mata maganin za ta tashi. Na juya maganar nan a raina har na gaji, ban gano inda ta karkace ba.

Mai sanyaya mini zuciya shi ne Alhaji. Kullum da hantsi yana nan da buzunsa, ya shimfiɗa dab da teburina, ya buɗe littafi a cinya. Mutum ne mai zurfin nazari, sai ya wuni a shafi guda. Wani lokaci ya yi gyaran murya ya dube ni, ni kuma in yi murmushi in nuna masa allo, sai ya kaɗa kai ya mai da ido kan littafi. Duk Asabar nakan sauya masa da wanda ya fi girma. Rannan ya ce, "Har mun wuce wancan?" Na ce, "Ai Alhaji ka wuce nan." Ya daɗe yana kallona, ina jin daɗin yabon ne ya kama shi.

Da za a sami irinsa goma, da na huta. A gaida mutanen gida.

Ɗanki,
Lukumanu.


Rogo,
15 ga Satumba, 1988.

Goggo,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini gajartar gaisuwa, hankalina ba ya jikina.

Yau Alhaji ya naɗe buzunsa, ya ajiye littafi a kan teburina da hannu biyu, ya ce in fara neman inda zan kai kayana, don an kusa cirar gyaɗa. Na ce, "Alhaji, laifin me muka yi?" Ya ce babu laifi, shi dai ɗakin karatu aka ce masa, bai kuwa ga karatu ba.

Goggo, mutumin da bai taɓa fashi ba! Mutumin da ya gama littafin kiwon kaji da na tarihin ƙasa da rabin na noman gyaɗa! In shi bai ga karatu ba, wa ya gani? Ko wani ne ya kai sukata? Ko don ban sa hotonsa a bango ba? Wallahi kaina ya kulle. In aka karɓe ɗakin nan littattafan Baba Malam kwali za su koma, su Ƙasimu kuma ga jarrabawa ta matso.

Don Allah ki rubuta masa, yana jin nauyinki.

Ɗanki,
Lukumanu.


Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Alhaji Ɗanmaliki na Rogo, zuwa ga Malama Adama, iyalin aminina marigayi Malam Abdulsalami, Allah ya haskaka makwancinsa. Gaisuwa da aminci da girmamawa.

Bayan haka, takardarki ta same ni, na kuma ji roƙonki. Na ba ki amsa da ajami da hannuna, don na san kina karanta shi, kada maganar ta bi ta bakin wani.

Yaron da kika turo mana yana da ladabi da tsabta, ba ya fashin salla. Ba ni da abin da zan ce game da halinsa. Amma Malama, tun farkon damina muke zaune muna jira ya fara, har yau bai fara ba.

Ni na ba da ɗakin nan ne don mun gaji da dangwala yatsa a kan takardar da ba mu ji abin da ta ce ba. Buhun taki da rubutu, maganin feshi da rubutu, takardar asibiti da rubutu, duk na boko. Na ce ga malami ya zo, za mu ɗauki karatu kamar yadda muka ɗauka a zaure: ka zo da littafinka ka zauna, malam ya biya maka, ya fassara, ka ce na'am. Kin kuwa sani ɗalibi ba ya ce wa malami fara, ko da ya haife shi.

Ranar farko na ce baƙunta ce. Da aka kwana biyu na ce ko yana jiran ranar sa'a. Na yi gyaran murya, sai ya nuna mini wani allo. Na ce to, ashe daga allo ake farawa, kamar kowane karatu. Na haddace surar baƙaƙen, na tare Ƙasimu a waje na tambaye shi me suka ce. Ya ce cewa suka yi a yi shiru. Sai na yi shiru.

Abokaina suka gaji suka koma gonakinsu. Ni na daure saboda amincina da mijinki, kada a ce ɗakin ya zama kango. Duk mako yakan yi mini ƙarin littafi alhali ba a biya na baya ba. Wannan tsari ban san shi ba, ban kuma gane shi ba har yanzu.

Abin da nake tsoro shi ne ko bai sauke karatun nasa ba aka turo shi, kunya ta hana shi faɗa. In haka ne ki gaya mini, asirinsa a rufe yake. Shi ya sa na ce gyaɗa ce dalili, don ya tafi da mutuncinsa. Kada ki kunyata shi.

Haza wassalam. An rubuta a watan Safar.


Karaye,
24 ga Satumba, 1988.

Lukumanu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Zauna kafin ka ci gaba da karanta wannan, in da hali ka karanta ta da ƙarfi, ko ka saba.

Alhaji ya ba ni amsa. Na yi dariya har da riƙe ciki, daga baya kuma na yi kuka, don tausayin dattijon nan ya kama ni. Mai zurfin nazarin naka ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. Zaman da ka ga yana yi, jiranka yake ka biya masa. Damina guda ka bar shi yana jiran gawon shanu, ga gonarsa can tana nemansa, shi kuma yana zaune a gabanka don kada a ce ɗakinka babu kowa. Ya fara zaton kai ne ba ka iya karatun ba, yana neman hanyar rufa maka asiri.

Kada ka ce mini ai bai tambaya ba. Kai ka tambaye shi? A gidan nan ka tashi, ka ga yadda ake ɗaukar karatu a zauren Baba Malam, ka taɓa jin wanda ya ce masa fara? Wata shida a Kano sun shafe maka wannan? Mutumin Zoza ma, duk wanda malami ya girgiza wa kai ya yi masa raɗa, ai ya san ba alheri ba ne. Me kake so ya ji bayan nan?

Ni ma da nawa, da na yi maka tambayar a fili tun farko maimakon zolaya. To, ya wuce.

Ya ce kada in kunyata ka, shi ya sa ko Saude ban gaya wa ba. Kai ma kada ka je kana ba shi haƙuri, sai ka sa shi jin nauyi. Ka dai buɗe baki. Ko ɗakin zai tsira ban sani ba, gyaɗa ba ta jiran kowa.

Allah ya yi maka jagora.

Goggonka,
Adama.


Rogo,
9 ga Oktoba, 1988.

Zuwa ga Goggo Adama,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri. Na ga takardarki. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Washegari Alhaji ya zo kamar kullum, don ya ce zai ci gaba da zuwa har ranar da za a kwashe. Na bar teburina na sauko tabarma, na ce, "Alhaji, bisimilla, a kawo littafin." Bai nuna mamaki ba ko kaɗan. Ya ce, "To, madalla," ya miƙo, sai ka ce jiya muka tsaya.

Na noman gyaɗa ne, da Turanci. Ina karanta layi ina fassarawa, yana cewa na'am. Muka zo inda littafin ya faɗi tazarar da za a bari tsakanin shuka da shuka, sai na'am ta tsaya. Ya ce, "Malam, shi mai littafin nan a ina gonarsa take?" Na ce ban sani ba. Ya ce to a jigawa haka ne, amma a ƙasa mai laka ya yi kuskure. Wani mai awo da ke leƙe ta taga ya ce a'a, mai littafi ya yi daidai. Kafin in ankara ɗaki ya cika, ana ta musu, ana cewa in maimaita wurin. Tun daga ranar kullum haka ne. Ana zuwa da buhun taki, da katin asibiti, da takardar ɗa daga Legas.

Hammawa ma ya dawo da kwalbarsa. Ya ce ya ji yanzu ana yi da ƙarfi, a sake masa. Na karanta kowa yana ji. Sai ya ce, "Ashe da ta tashi." Ya sa kwalbar a aljihu, ya yi mini godiya, ya fita. Godiyar nan ta fi zagi yi mini ciwo.

Amma Goggo, an gudu ba a tsira ba. Su Ƙasimu sun kwashi littattafansu sun koma gindin kuka, sun ce hayaniya ta hana su gane lissafi, kuma da gaskiyarsu. Sai na raba yini: safe zuwa azahar shiru, bayan la'asar karatu da murya. Allon nan yanzu da safe yana kallon jama'a, da yamma in juya shi ya kalli bango. Wata mai ƙosai kuma, Tasalla, ta kawo saƙon matan unguwa, wai su wa zai shiga gida ya karanta musu? Na ce ina da Goggo, in ƙafarta ta yarda.

In malaminmu na Kano ya shigo da la'asar zai ce wannan ba laburare ba ne. In Alhaji ya shigo da safe zai ce ba karatu ba ne. Ni da ke tsakiya ban san sunan abin da nake yi ba.

An fara shigo da gyaɗa gari a kan jakuna. Alhaji bai ce a kwashe ba, bai ce a bari ba, ni kuma na kasa tambaya. Duk jakin da ya doso bakin kasuwa sai in leƙa in ga ko ƙofarmu ya nufa.

Ki taya ni da addu'a. A gaida Saude.

Ɗanki,
Lukumanu.


Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Alhaji Ɗanmaliki zuwa ga Malama Adama. Gaisuwa da aminci.

Bayan haka, gyaɗa ta iso, ta kuma yi albarka. Na sa an jibge ta a turakata, ni na koma kwana a zaure. Iyali suna ta magana, na ce su bari sai mun kai ƙarshen littafin, bayansa kuma akwai waɗanda aka tsallake mini. Ɗakin na yaron ne. Ke ki gaya masa, ni ɗalibi ne, ba zai yi kyau daga bakina ba.

Ashe ya iya. Abin da ya hana shi farawa tun farko har yanzu ban gane ba, ban kuma tambaye shi ba.

Roƙona ɗaya, ki ce masa ya ƙara ɗaga murya. Mutane sun yi yawa, na baya ba sa ji, ni kuma na daɗe ina jira, ba na son ko kalma ɗaya ta wuce ni.

Haza wassalam. An rubuta a watan Mauludi.